Kafin ka kira dillali, kira mai duba gida

Da muka tashi sayar da gidan mahaifinmu bayan rasuwarsa, abin da muka fara yi shi ne fenti. Muka shafe gidan ciki da waje, muka sauya ƙofar zaure, sannan muka kira dillali. A mako na biyu ya zo da wani Alhaji, shi kuma Alhajin ya zo da wani dattijon birkila marar yawan magana. Dattijon bai ko dubi fentinmu ba. Makullin babur ɗinsa ya ciro yana ƙwanƙwasa bango daga ƙasa, yana kasa kunne. Daga nan ya nemi tsani, ya ɗaga silin ɗin falo ya zura kai da tocila, ya sauko da guntun katako a hannu. A gabanmu ya murtsuke shi ya zama gari.

Alhaji ya dubi yayanmu ya ce, "Malam, gidan nan ai sai an kware rufin gaba ɗaya." Ba mu da bakin musu, don mu kanmu ba mu taɓa leƙa wurin ba. Ya zabge kuɗi mai yawa daga tayin da ya fara yi, muka ce albarka, ya tafi. Da muka kira kafinta daga baya, ashe katako huɗu ne gara ta ci, sauran lafiya lau. Aikin kwana biyu. Amma kafin nan labari ya zaga dillalan unguwa cewa gidan gara ta cinye shi.

Aibin da kai ka gano, kuɗin gyaransa kawai zai ci maka. Wanda mai saye ya gano kuwa, shi zai yanka masa farashi, kuma ba zai yanka kaɗan ba. A Amurka duba gida sana'a ce mai zaman kanta, mutum ɗaya zai zo ya bi gidan daga rufi har ƙasa ya rubuta rahoto. A nan kai za ka haɗa mutanen da kanka. Ga yadda ake yi.

Zaɓi lokaci, kuma ajiye gwangwanin fenti

Idan ba matsuwa ce ta sa ka sayarwa ba, bari a duba gidan da damina, musamman watan Agusta da ruwa ya kankama. Gida da rani munafuki ne: rufi ba ya yoyo, tsakar gida a bushe, sokawe ba ta tumbatsa. Rana ɗaya ta ruwan sama mai ƙarfi za ta nuna maka abin da wata shida na rani suka rufe. In kuma dole da rani ne, sai a yi dabara da mesa, a hau a zuba ruwa a kan kwano wani yana ciki yana kallo.

Kada ka yi fenti, kada ka toshe tsaga, kada ka sauya silin mai tabo kafin a duba. Tabon nan shi ne taswirar da mai duba zai bi. Kuma masu sayen gida yanzu sun waye, ƙamshin sabon fenti tambaya yake sa su yi: me aka rufe?

Wa za ka kira

Ga gidan bulo marar bene wanda ba ya nuna alamar wata babbar matsala, gogaggen magini ya isa ya jagoranci aikin. Idan bene ne, ko akwai rufin kankare, ko bango ya dare, injiniyan gini za ka nema, mai rajista da COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Nijeriya. Ka tambaye shi lambar rajistarsa, ba rashin kunya ba ne. Kowa yanzu "Injiniya" ake ce masa, har mai gyaran janareta. Bayan shi kana buƙatar mai wayarin da mai aikin famfo. Kafinta kuma shi zai shiga cikin rufi.

Sharaɗi biyu nake ganin ba a sassauta su. Na farko, wanda zai duba ba shi zai yi gyaran ba, kuma ka faɗa masa haka tun farko. Mutumin da ya san kwangilar gyara na jiransa, ko ƙurji ya gani zai ce daji ne. Na biyu, kada ya fito daga hannun dillali. Dillali la'adarsa yake hange, so yake a yi ciniki yau, kuma duk abin da mutuminsa ya gani to kasuwa ta gani.

Ku yi jinga kafin a fara: nawa ne, me da me zai duba, kuma zai ba ka sakamakon a rubuce da hotuna da sa hannunsa. Bayanin baki ba ya amfanin komai ranar da mai saye ya fara ja.

Idan akwai 'yan haya, ka sanar da su da wuri, ka kuma zauna da su. Ana cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Gaskiya ne, sai dai inda ruwa ke ɗiga ya sani, ba lallai ya san inda yake shigowa ba. Duk da haka matar gidan da ta shekara biyar tana tara bokiti a lungu ɗaya za ta rage wa injiniya rabin aiki.

Fara daga waje

Ranar duba ka kasance a wurin, da littafi da biro. A fara da zagaya gidan. Abin da ake nema shi ne ina ruwa yake bi idan an yi sama. Ƙasa ta gangara daga jikin bango zuwa waje, ko kuwa ruwa kwanciya yake a gindin gini? A unguwanni da yawa an yi ta ciko a layi, ko an yi titi an ɗaga shi, har tsakar gida ta koma ƙasa da lambatu. Irin wannan gidan ruwan layi shigowa yake, kuma za ka ga shaidarsa a jikin katanga, wani layi mai duhu da ya nuna inda ruwa ya taɓa kaiwa.

A dubi bishiyoyi. Darbejiya da ke jingine da katanga inuwarta daɗi, amma saiwarta tana ɗaga daɓe, tana kutsawa cikin sokawe. A kuma tambayi tarihin filin. A Kano da sauran tsofaffin birane akwai gidaje da dama da aka gina a kan kududdufin da aka cike da shara. Irin wannan ƙasa tana ci gaba da zama shekara da shekaru, gini yana binta. Idan haka filinka yake, gara injiniya ya ji daga bakinka.

Tsagar bango

Nan ne aka fi tsorata mai gida, nan kuma aka fi yaudarar mai saye, don haka bari in ɗan daɗe. Ba kowace tsaga ce ciwo ba. Akwai siraran nan kamar gashi da suka bazu a filasta kamar yanar gizo-gizo. Yawanci filasta ce ta bushe da sauri ko yashi ya yi yawa, ba ta shiga bulo ba. Wannan ta mai fenti ce.

Waɗanda ake tsayawa a kansu su ne: tsagar da ta tashi daga kusurwar taga ko ƙofa ta tafi a karkace, wadda ta bi layin bulo tana hawa kamar matattakala, wadda ta fi faɗi a sama ta tsuke a ƙasa, ko akasin haka, da wadda za ka gani ciki ka zaga waje ka same ta a daidai wurin, wato ta ratsa bangon. Waɗannan suna nuna wani sashe na harsashin ginin ya zauna ya bar ɗan'uwansa. Idan faɗinta ya kai milimita 5, maganar ta wuce birkila, ta injiniya ce. Ƙarin shaida: ƙofar da a da take rufuwa lafiya yanzu sai an sa kafaɗa, ko tayil da ya tsage a layi ɗaya daga bango zuwa bango.

Babbar tambaya ita ce tsagar ta tsaya ko tana tafiya. Ana gane wannan da araha. A manna ɗan siririn gilashi a gicciye a kan tsagar, a kama bakinsa biyu da siminti, a rubuta kwanan wata a gefe. Bayan makonni a dawo. In gilashin ya fashe, ginin yana motsi. In yana nan, mai yiwuwa tsohon zama ne da ya riga ya ƙare. A wuraren da ƙasa take da laka, irin ta fadama, tsaga tana buɗewa da rani ta rufe da damina, saboda lakar tana kumbura idan ta sha ruwa ta kuma tsuke idan ta bushe. A irin wannan wuri makonni ba su isa ba, sai an ga yanayin biyu. Shi ya sa mai niyyar sayar da gida baɗi, bana ya kamata ya fara.

A bene da rufin kankare a ɗaga kai a duba ƙarƙashi. Idan kankare ya ɓare rodi ya fito yana tsatsa, ruwa ya daɗe yana shiga. Rodi idan ya yi tsatsa kumbura yake, shi ke tunkuɗe kankaren. Shafa masa siminti a rufe ba gyara ba ne. Kuma idan ka san an ɗora benen ne daga baya a kan ginin da ba a yi harsashinsa don ɗaukar bene ba, wannan ma ka faɗa wa injiniya, shi zai san abin da zai tona ya gani.

Danshi, rufi da gara

Bangon da fentinsa ke kumbura yana ɓarewa daga ƙasa zuwa wajen gwiwa ko ƙugu, yana fitar da farin gari kamar gishiri, ruwa yake sha daga ƙasa. Ko dai ba a sa abin tare danshi ba lokacin da aka fito da harsashi, ko ciko ya haura shi, ko bututu na zuba a cikin bangon. Dole a rarrabe, don gyaran bututu na yini ɗaya ne, ɗayan kuwa aiki ne. Abin da mutane suka saba yi, su manna tayil a rufe, ba ya kashe danshin, sama yake ƙara tura shi, ya ɓullo a saman tayil ɗin.

A ƙwanƙwasa filasta da tayil da makulli, kamar yadda dattijon nan ya yi mana. Inda ya kama, ƙarar a cike take. Inda ya saki, za ka ji ta kamar ganga.

Sai rufi. Kafinta ya shiga cikin silin da rana tsaka, ya kashe tocila tukuna: duk inda haske ya ratso, ruwa ma zai ratso. Sannan ya kunna ya bi katakon ɗaya bayan ɗaya yana soka sukundireba, musamman inda katako ya zauna a kan bango. Gara daga ciki take ci ta bar fatar waje lafiya, ido kaɗai ba ya gane ta. A nemi hanyarta, siririn layin jar ƙasa da take ginawa a jikin bango daga ƙasa zuwa sama. Ya ƙirga katakon da suka lalace ya sa musu alama da alli, ya ɗau hoto. Lambar nan, huɗu ne ko ashirin, ita ce muka rasa ranar da Alhaji ya ce a kware rufi.

Daga sama a duba ƙusoshin da suka ɗago, da inda kwano ya haɗu da bango, da kwarin da rufi biyu suka haɗu. Gidajen da aka ja bango ya rufe kwano, kwatar da ke bayan bangon ce matattarar yoyo, ganye da leda su toshe ta ruwa ya koma ciki. Idan silin ɗin tsohon asbestos ne, kada a bari yara su farfasa shi da guduma ko a goge shi, ƙurarsa tana illa ga huhu. In lafiyarsa lau a bar shi, a dai rubuta cewa shi ne.

Gidan ƙasa kuma nasa daban ne: azara, indararo, da gindin bango inda ruwa ke zaizaya. Wannan magini na gargajiya za ka kira, ya fi injiniya sanin soron da ya gaji.

Wuta da ruwa

Mai wayarin ya buɗe akwatin fis ya duba ko akwai alamar ƙuna, ko an ɗaure wani wuri da zaren waya a madadin fis. Ya cire soket biyu ko uku ya ga kaurin wayar: abin da aka saba shi ne waya mai lamba 1.5 ta fitilu, mai lamba 2.5 ta soket, na'urar sanyaya ɗaki da hita kuma layinsu daban da waya mai kauri. Ya tabbatar akwai wayar da ke sauke wuta ƙasa kuma tana aiki, ba a jikin soket kawai ta tsaya ba. Ya duba yadda aka haɗa janareta ko sola da wutar layi.

Sannan bashin wuta. Jeka ofishin kamfanin rarraba wuta na yankinku, KEDCO ga mutanen Kano da Katsina da Jigawa, ka karɓo bayanin asusun gidan. Ko mita mai kati ce, tana iya ɗauke da tsohon bashi da ake cira duk lokacin da aka sayi kati. Mai saye zai bincika. Haka bil ɗin ruwa in akwai.

Gwajin bututu mai sauƙi ne. A cika tanki da yamma, a sa alama a inda ruwa ya tsaya, a rufe duk famfunan gidan, kowa ya haƙura da su har safe. In ruwa ya sauka, akwai inda yake zuba a ɓoye. Banɗakin bene kuma a toshe magudanarsa, a tara ruwa kamar tsawon gaɓar yatsa ya kwana, da safe a duba silin ɗin ɗakin da ke ƙasa.

A buɗe murfin shadda da sokawe a gani, ba daɗi amma dole. A duba ko murfin ya tsage, don murfin shadda da ya ruɓe ya sha rufta wa da mutane. A auna tazararsu da rijiya ko burtsatse. Masana lafiya suna son kamar mita 30, fili mai ƙafa 50 da 50 kuwa faɗinsa duka bai wuce mita 15 da ɗoriya ba, ga kuma shaddar maƙwabci a bayan katanga. Ba za ka iya matsar da rijiya ba, amma za ka iya kai ruwan ɗakin gwaji a auna, ka riƙe takardar.

Takardu ma ana duba su

Gida yana iya zama garau, ciniki ya mutu a kan takarda. Fito da duk abin da kake da shi: takardar shaidar mallaka ta gwamnati, ko ta ƙaramar hukuma, ko takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa da shaidu, da taswirar safiyo, da izinin gini, da rasit ɗin harajin fili. A Kano rajistar filaye tana hannun hukumar KANGIS, izinin gini kuma hukumar tsara birane, KNUPDA. Ka je da kanka ko ka tura lauya a bincika fayil ɗin: sunan wa ke ciki, akwai bashin haraji, an taɓa jinginar da gidan a banki ba a warware ba? Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ce fili mai shaidar mallaka ta jiha ba a mayar da shi ga wani sai da amincewar gwamna. Idan mahaifinka ya saya bai bi wannan ba, sunan mai gidan farko ne har yanzu a fayil, kuma warware wannan yana cin watanni.

A sa safiyo ya gwada abin da ke takarda da abin da ke ƙasa. Shagon da aka fitar a gaban gida, ko katangar da aka ɗan tura cikin layi shekara ashirin da suka wuce, yau ne za su zama magana. Gidan gado kuwa kada a sa shi kasuwa sai an yi rabo ko duk magada sun sa hannu, har 'yan'uwa mata da ke aure a wani gari. A fiƙihun Malikiyya abokin tarayya a gidan da ba a raba ba yana da haƙƙin shufu'a, wato in ɗaya ya sayar da kasonsa ga bare, shi yana iya biyan kuɗin ya karɓe.

Bayan rahoto ya zo

Kasa abin da aka samu gida uku. Akwai abin da ke iya kashe mutum ko ya rushe gini: waya mai ƙuna, murfin shadda, katangar da ta karkata, kankaren da ke zubowa. Wannan a gyara, ko za a sayar ko ba za a sayar ba. Akwai ƙananan da kuɗinsu kaɗan ne amma suna ɓata wa gida suna: famfo mai ɗiga, kwano biyu, katako huɗu, kwatar da ta toshe. Su ma a gyara, a ajiye rasit da hoton kafin da bayan aiki. Yanzu ne lokacin fenti ya yi.

Kashi na uku su ne manya, irin ƙarfafa harsashi ko sake rufi gaba ɗaya. A ganina yawanci bai kamata mai sayarwa ya shiga wannan ba. Kuɗin ba ya dawowa duka, kuma a unguwannin da filin ya fi ginin daraja, mai sayen ma rushewa zai yi. Abin yi shi ne ka samo ƙiyasin gyara a rubuce daga mutum biyu ko uku, ka rage shi daga farashi da kanka. In gidan babba ne, ka kai wa mai ƙiyasta darajar gidaje mai rajista da hukumarsu ta ESVARBON rahoton, ya fitar maka da farashin da za ka iya karewa.

Saura faɗa wa mai saye. Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya wuce wani mai sayar da abinci, ya zura hannu cikin tarin ya ji danshi. Mutumin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai ya ce masa me ya hana ka sa shi a sama mutane su gani, wanda ya yi algus ba ya tare da ni. Malamanmu na Malikiyya sun ce mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani filla-filla, ba a dunƙule ba, don haka "na sayar maka yadda ka gan shi" ba ta wanke wanda ya san abu ya yi shiru. Sun kuma kasa aibin gida uku: ɗan kaɗan da ba ya rage daraja, babu komai a kansa, matsakaici, kamar tsagar da ba a tsoron ta kayar da gidan, mai saye zai karɓi ragin kuɗi, babba kuwa yana iya dawo maka da gidanka ya karɓi kuɗinsa. Wato abin da ka ɓoye yana iya biyo ka gaban alƙali bayan an raba kuɗin an kashe.

Saboda haka ka yi kwafin rahoton. Dillali ka ba shi taƙaitaccen bayani, shafi ɗaya: abin da aka gyara, abin da ya rage, da kuɗin gyaransa. Cikakken rahoton kuma ka miƙa wa mai saye hannu da hannu kafin ya ba da kafin alƙalami, ka ce ya zo da nasa birkilan ya gwada. Ranar rubuta takardar ciniki a lissafa aibobin a ciki ɗaya bayan ɗaya, a rubuta cewa mai saye ya gani ya yarda, shi da shaidunsa su sa hannu a kowane shafi, kai ma ka riƙe kwafinka.